Gurbi Biyu a Hannu: Wace Makarantar Likitan Haƙori Za a Ɗauka?

Wasiƙun da suka iso mana wannan karon kusan duk maganarsu ɗaya: an samu gurbin karatun likitan haƙori a makarantu biyu, an rasa wadda za a ɗauka. Mun tsamo bakwai daga ciki, likitocin haƙori masu koyarwa suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Makarantu biyu sun ɗauke ni, kuma saura mako uku in ba da amsa. Ta farko tsohuwa ce, kowa ya san sunanta, tana ɗaukar ɗalibai 90 a shekara, an ce mini asibitinta na da kujerun aiki 45. Ta biyu ba ta kai ta suna ba, ɗalibai 30 take ɗauka, kujerunta 30. Abokaina duk sun ce in bi suna. Ku ba ni shawara. Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗanmu, muna taya ka murna. Ka kyauta da ka aiko da alƙaluma, da su za mu yi aiki. Amma akwai ƙofar da sai makaranta ta wuce ta kafin a fara ƙirga mata kujeru.

Ba digiri ke ba mutum izinin sa hannu a bakin majinyaci ba, lasisi ne, kuma hukumar da ke yi wa likitocin haƙori rajista a ƙasar da kake son yin aiki ita ke ba da shi. Kowace irin wannan hukuma tana da jerin makarantun da ta amince da su. Ka nemo jerin daga hannun hukumar kanta, ba daga ƙasidar tallar makaranta ba. Ka duba ko amincewar cikakkiya ce, ko kuwa izinin fara azuzuwan farko kawai aka bayar, ana jiran a zo a duba asibitin daga baya. Ka duba ranar da wa'adinta zai ƙare. Sannan ka duba ɗalibai nawa aka yarje wa makarantar ta ɗauka a shekara, wanda shi ne abin da mutane suka fi mantawa. Inda hukuma ta ƙayyade adadi, makarantar da aka yarje wa 50 ta kwashi 90 ta ajiye wa 40 rigimar da ba za ta fito fili ba sai ranar neman rajista. In ɗaya daga cikin makarantunka ta faɗi a nan, magana ta ƙare, ka ɗauki ɗayar.

In duk sun tsallake, ɗauko biro da takarda. Kujera ɗaya takan ɗauki zama biyu a rana, na safe da na rana, kowane kimanin awa uku. Kwana biyar a mako, zama 10 ke nan. Mu ɗauka azuzuwa uku na ƙarshe ne ke aiki a asibiti. A makaranta ta farko ɗalibai 270 ne za su raba zama 450, wato kowa bai samu biyu cikakku a mako ba. A ta biyu, ɗalibai 90 ne a kan zama 300, kowa ya samu uku da 'yan kai. In shekarar karatu mako 40 ce, cikin shekara uku ɗalibin ta farko ya riƙe inji a bakin mutum sau 200, na ta biyu sau 400. Wannan fa lissafin takarda ne. Sai ka cire kujerun da suka lalace, ka cire waɗanda aka ware wa likitoci masu neman ƙwarewa da manyan malamai, ka cire ranakun da majinyaci ya yi alkawari bai zo ba. In an ce maka ana haɗa ɗalibai biyu-biyu a kujera, kada ka ɗauka rabonka ya ninka: ɗaya ne ke aiki, ɗayan yana riƙe masa bututun tsotse yawu.

Kada ka ga 200 ka ce ai da yawa. Haƙoran roba na baki gaba ɗaya sukan ci zuwa biyar: ɗaukar awo na farko, awo na biyu, auna yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa ke haɗuwa, gwaji a kan kaki, sannan sakawa, ban da dawowa gyara. Aikin jijiya a turmi (babban haƙorin tauna na baya), wato cire jijiyar haƙori a wanke hanyoyin saiwa a cike su, yakan ci wa mai koyo zama biyu ko uku, don turmi yakan zo da hanya uku ko huɗu. Ga ciko, ga cirewa, ga wankin haƙori da jinyar dasashi, ga yara. Kafin ka ankara sun ƙare.

Sai dai kujerar da babu majinyaci a kanta ado ce kawai, kuma a nan ne tsohuwar makaranta takan rama. Asibitin da ya daɗe mutane sun san hanyarsa. Saboda haka ka tambaya: asibiti ne ke raba wa ɗalibai majinyata, ko ɗalibi ne zai fita farautar mai kogon haƙori da kansa? Inda ake farauta, ɗalibai sukan kai ajin ƙarshe suna neman tsoho guda mai giɓi ruwa a jallo don su cike sharuɗɗan shiga jarrabawa, wasu har su maimaita shekara ba don sun faɗi ba.

Sai malamai, kuma ba waɗanda sunansu ke jikin allo muke nufi ba, waɗanda ke tsaye a ɗakin aiki. Ciko ɗaya sai malami ya leƙo sau huɗu ko biyar: kafin a fara, bayan an buɗe kogon, bayan an kwashe ruɓar, kafin a zuba, da bayan an gama. Zaman awa uku minti 180 ne. Malami ɗaya a kan ɗalibai 6, kowa na da rabin awa. A kan 15, minti 12. A namu ganin, da zarar ɗalibai sun haura takwas a hannun malami ɗaya, koyarwa ta koma sa hannu a takarda. Ga misalin abin da ba a koyo sai da mutum a bayanka: allurar da ke kashe rabin muƙamuƙin ƙasa. Takan shiga kimanin milimita 20 zuwa 25 har ta taɓa ƙashi, sai a ɗan ja baya, a zuƙo a tabbatar ba a cikin jijiyar jini ake ba, sannan a tura maganin a hankali. Wanda ya zarce bai taɓa ƙashi ba, yana iya zuba maganin a bayan muƙamuƙi inda jijiyar fuska ta ratsa, rabin fuskar majinyaci ta saki na wasu awoyi. Haka cire haƙori. Ba finciko shi ake yi ba, awartaki ake dannawa can ƙasan wuyansa a girgiza har gurbin ya buɗe. Mai koyon da ba a kama masa hannu ba sai ya ja, kan haƙori ya ɓalle, saiwa ta maƙale.

Abin da zai raba maka gardama yana hannun 'yan ajin ƙarshe. Kowannensu na da kundin da ake rubuta ayyukan da ya yi da hannunsa. Ka samu mutum uku a kowace makaranta, ba waɗanda hukumar makaranta ta zaɓo maka ba, ka tambaye su ciko nawa suka yi, haƙori nawa suka cire, aikin jijiya nawa suka gama a bakin mutum, kuma ko akwai turmi a ciki. In 'yan ƙaramar makarantar sun nuna maka kundi cike, can za mu tura ka, abokai su yi ta faɗin suna. In ka iske kujerunta 30 rabi a bushe suke, koma wa tsohuwar.

Tambaya: Ni mahaifi ne. 'Yata ta samu gurbi a makarantar da ke kusa da mu, ta kuma samu a wata mai nisa wadda kuɗinta ya ninka na ta kusa. Zan iya biyan shekarar farko a mai tsadar, sauran kuma Allah zai kawo. Ko tsada alamar inganci ce?

Amsa: Malam, Allah ya rufa asiri, ya sa mata albarka. Tsada ba shaida ba ce. Wani lokaci kuɗin gini da fenti ake biya. Amma inda muka fi tsayawa a wasiƙarka shi ne "shekarar farko". Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karatu nauyinsa a ƙarshe yake, don shekarun farko aji ne da ɗakin gwaji, na ƙarshe kuwa asibiti ne da kayan aiki. Kuma ɗalibar da kuɗi suka yanke mata a aji huɗu ba kasafai wata makaranta ke karɓarta a inda ta tsaya ba, saboda manhajoji sun bambanta. Sau da yawa baya za a mayar da ita.

Ka nemi kowace makaranta ta ba ka kuɗin dukkan shekarun a rubuce, da yadda kuɗin ya tashi a shekara biyar da suka wuce. Sannan ka tambayi abin da ba ya cikin takardar: wa ke sayen akwatin kayan aiki da injin hannu na huda haƙori? Haƙoran roba na gwaji, waɗanda ɗaliba za ta ɓata da dama kafin hannunta ya faɗa, kyauta ne ko saye? Gilashin ƙara girma fa? In za a yi wa majinyaci murfin haƙori ko haƙoran roba, wa ke biyan masu haɗawa, asibiti, majinyaci, ko ɗalibar da ke neman cike kundinta? Ka tara duka, ka ɗora masauki da zirga-zirga, ka ƙara kuɗin shekara guda a kai don tsaron maimaici. In jimillar mai nisa ba za ta yiwu ba sai da bashin da ba ka san ranar biyansa ba, kuma ta kusa tana da cikakkiyar amincewar hukuma da majinyata, ka bar ta a ta kusa da zuciya ɗaya. Lasisin da za a ba ɗaliban makarantun biyu iri ɗaya ne.

Tambaya: Makaranta ɗaya digirin BDS take bayarwa, ɗayar kuma tana wata ƙasa, digirin DDS take bayarwa. Wane ya fi girma? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yarmu, haruffan al'adar ƙasa ce, ba mataki ba. Birtaniya da ƙasashen da suka bi tsarinta BDS suka fi bayarwa, a Birtaniya bayan shekara biyar. A Amurka shekara huɗu ce bayan digirin farko, kuma sunaye biyu ne: DDS, wanda ya samo asali daga makarantar Baltimo da aka kafa a 1840, da DMD, wanda ya fito daga makarantar Harvard da aka kafa a 1867. Su biyun karatu ɗaya ne, lasisi ɗaya.

Abin dubawa shi ne inda kike son yin aiki, don digirin haƙori ba ya tsallaka iyaka cikin sauƙi. Wadda ta yi karatu a waje tana son aiki a Birtaniya, galibi sai ta ci jarrabawar ORE mai kashi biyu ta GDC, hukumar da ke yi wa likitocin haƙori rajista a can. A yawancin jihohin Amurka sai ta sake shiga makarantar da CODA, hukumar tantance makarantun haƙori ta ƙasar, ta amince da ita ta yi shekara biyu ko fiye. Tarayyar Turai kuwa ta sa wa makarantunta ƙa'idar aƙalla shekara biyar da awa 5,000. Ki rubuta wa hukumar ƙasar da za ki zauna, ki tambaye ta matsayin wannan makaranta da sunanta, ki adana amsar. Ki kuma tuna ko da Turanci ake koyarwa a aji, majinyaci da harshen garinsu zai gaya miki inda ke masa ciwo. Ɗalibar da ba ta jin harshen, 'yar kallo takan zama a asibiti.

Tambaya: Na ziyarci makarantun biyu. Ɗaya cike take da na'urorin zamani, har da kwamfutar da ake koyon huda haƙori a kanta da na'urar ɗaukar awon baki ba tare da ƙullu ba. Ɗayar kawunan roba ne kawai a jere. Ba ta farkon ce ta fi ba?

Amsa: Ɗanmu, na'urorin suna da amfani, ba ma kushe su. Tambayar ita ce guda nawa ne, kuma wa ke taɓa su. Na'urar awo ɗaya tak da ake fito da ita ranar baƙi a mayar cikin akwati ba ta koya wa kowa komai ba.

Kawunan roban nan da ka raina, a kansu hannu ke faɗawa. Injin huda haƙori yana juyawa sau 300,000 zuwa 400,000 a minti, kuma kaurin farin ɓawon haƙori a inda ya fi kauri bai wuce milimita biyu da rabi ba. A kan roba ake koyon riƙe shi kamar alƙalami, da dogara yatsa a kan haƙorin kusa don kada hannu ya zame, da aiki ta cikin madubi a haƙoran sama inda dama ke komawa hagu. Ka ƙirga kawunan. Kowane ɗalibi na da nasa a lokacin darasi? Ana barin ɗakin a buɗe da yamma ga mai son ƙari? Ana kuma gwaji a kan haƙoran gaske da aka cire aka tsabtace? Wannan na da muhimmanci, don haƙorin roba taurinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, ba zai nuna maka bambancin ɓawo da abin da ke ƙarƙashinsa ba, balle laushin ruɓa.

In zamani kake son aunawa, ga ma'aunin da ya fi: ciko. Tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 duniya ke rage amfani da amalgam, cikon nan mai launin azurfa, saboda sinadarin makuri da ke cikinsa, Tarayyar Turai ma ta hana shi daga farkon 2025 sai inda larura ta tilasta. Farin ciko ne ke maye gurbinsa, shi kuwa ba ya yafiya. Ana shafa wa haƙori asid mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari na daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke, a sa gam, a zuba cikon hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce milimita biyu in irin na yau da kullum ne, a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. Ɗigon yawu ɗaya ya isa ya hana shi kamawa, bayan 'yan watanni gefensa ya buɗe ruɓa ta koma. Shi ya sa ake keɓe haƙorin da shimfiɗar roba. Ka leƙa ɗakin aiki ka ga ko ɗalibai na sa wannan shimfiɗa a kullum, musamman a aikin jijiya. Makarantar da ta tsare wannan ta fi mai kwamfuta goma da ba ta damu da shi ba.

Tambaya: Rana ɗaya kawai zan samu a kowace makaranta. Me zan duba?

Amsa: Ka je ranar aiki a tsakiyar mako, da hantsi, ba ranar da aka shirya wa baƙi ba. Gani ya kori ji. Fara da wurin jira, ka ga ko akwai mutane. Shiga ɗakin aiki ka ƙirga kujerun da ke da majinyaci, da waɗanda aka lulluɓe ko aka ɗora wa kwalaye. Kujerar haƙori sai da abu huɗu take aiki: wuta, iska daga injin matsa iska, ruwan da ke sanyaya bakin inji, da bututun tsotsa. Ɗaya ya tsaya, aiki ya tsaya. Inji ba ruwa yakan ɗumama haƙori har jijiyarsa ta mutu. Tambayi ɗalibai sau nawa aka sallami majinyata a watan jiya saboda ɗayan huɗun nan, kuma ko akwai makanikin kujeru a cikin asibitin ko sai an kira daga nesa.

Daga nan ka nemi ɗakin tsabtace kayan aiki. Da tururi mai matsi ake kashe ƙwayoyin cuta, a zafin digiri 134 a ma'aunin Celsius na aƙalla minti uku, ko 121 na aƙalla minti 15, kuma kayan su fito a ƙunshe da alamar da ke sauya launi. Injin hannu ma sai an dafa shi bayan kowane majinyaci, don haka kujera ɗaya na buƙatar fiye da guda. In ka ga ana goge shi da auduga a juya kan na gaba, ka riƙe wannan a ranka. Tambaya ko ana tilasta wa ɗalibai rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin shiga asibiti, allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, da kuma abin da ake yi wa ɗalibin da allura ta soke shi. Wanda ya yi jim kafin ya amsa, babu tsarin.

In lokaci ya rage, leƙa ɗakin haɗa haƙora. Awon da aka ɗauka da aljinet, wato ƙullun da ake dannawa a baki ya ɗauki siffar haƙora, so ake a zuba masa farar ƙasa cikin kamar kwata na awa, in ya daɗe sai ya motse, haƙoran da aka gina a kansa su ƙi zama. Ɗakin da ke cikin gini ɗaya da kujeru, da ma'aikata a ciki, alheri ne babba ga mai koyo.

Tambaya: Burina in ƙware a tiyatar baki da muƙamuƙi. In zaɓi makarantar da ke horar da ƙwararru?

Amsa: Abin kaifi biyu ne da shi. Inda ake horar da ƙwararru za ka ga manyan ayyuka, karayar muƙamuƙi da ƙari da gyaran leɓe, ka samu malaman da za su san ka su rubuta maka takardar shaida, ka kuma sa hannu a bincike. Amma aikin da ya ɗan yi wuya, kamar turmin ƙarshe da ya kwanta a cikin ƙashi, masu neman ƙwarewa ne za su ɗauke, kai ka riƙe musu madubi. Inda babu su, irin wannan yakan faɗo hannun ɗan ajin ƙarshe. Tunda tiyata ka nufa, ka fifita makarantar da ke haɗe da babban asibiti mai ɗakin tiyata da gadajen kwanciya. Ka kuma san hanyar doguwa ce: a Amurka shekara huɗu zuwa shida ce bayan digiri, a Birtaniya sai ka haɗa digirin haƙori da na likitanci. Ɗalibai da dama sukan sauya ra'ayi bayan sun shiga asibiti, don haka kada ka sayar da makarantar da za ta koya maka aikin yau da kullum saboda wannan buri kaɗai.

Tambaya: Ni bahaguwa ce. Zai zama matsala?

Amsa: Ba zai hana ki zama likita ba, 'yarmu, bahagwai da yawa suna aikin. Sai dai yawancin kujeru an kafa su ne don mai dama: tiren kayan aiki a dama, wurin tofar da ruwa da bututun tsotsa a hagu. Akwai waɗanda ake juya hannuwansu zuwa kowane gefe. Ki tambayi makarantun biyu guda nawa suke da irin waɗannan, a ɗakin kawunan roba da kuma asibiti, da ko akwai malamin da zai nuna miki zama da riƙon awartaki ta ɓangarenki. In sun yi kunnen doki a sauran abubuwa, ki ɗauki wadda ta nuna miki kujerar da idonki.